Kwalba Ɗaya Dala 558,000: Ɗanɗano Ake Saye Ko Suna?

A watan Oktoba na 2018 aka yi gwanjon wata kwalbar giyar inabi guda ɗaya tal a New York, a hannun kamfanin Sotheby's, wani ya saye ta dala 558,000. Kwalba ce fa irin ta kullum, abin da ke ciki bai kai lita ɗaya ba, an haɗa ta tun 1945 a wata 'yar gona mai suna Romanée-Conti da ke yankin Burgundy na Faransa, gonar da duk faɗinta bai cika hekta biyu ba. Duk wanda ya buga lissafin kuɗin nan da naira zai ce ko dai mai sayen ya zautu, ko kuma akwai wani abu a cikin kwalbar da sauran jama'a ba su gano ba.

Bari in fara share fage tukunna. Giya haramun ce a Musulunci, wannan ba abin ja-in-ja ba ne kuma ba talla nake mata ba, kai ko a ɓangaren likitoci ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito a Janairun 2023 ta ce babu wani adadin barasa da za a sha a ce bai cutar ba. Ni abin da ya ja hankalina kasuwar ce, yadda Turawa suka ɗauki ruwan inabi suka gina masa doka da alƙalai da jarrabawa da kotu, har sunan ƙauye ya koma dukiyar da ake gado.

To me masu ɗanɗanawar suke yi ne? In ka ga hoton wurin gasa za ka ga dogon tebur da farin ƙyalle, kofunan gilas a jere, kowane alƙali da takarda da biro da ɗan bokiti a gefe. Zai ɗaga kofi ya kalli launin a kan farin ƙyallen, ya jujjuya shi don ƙamshi ya tashi, ya cusa hanci, ya kurɓa kaɗan ya kurkure baki da shi yana jan iska ta tsakanin haƙora, sai ya tofar a bokiti. Dole ya tofar, wanda zai bi kofi hamsin ko ɗari a yini in ya ce haɗiyewa zai yi ai kafin azahar sai dai a ɗauke shi ranga-ranga. Abin da yake nema bai wuce tsami, zaƙi, ƙarfin barasa, bauri, da kuma daɗewar ɗanɗanon a baki bayan an tofar ba. Baurin nan daga ɓawon inabi da ƙwallonsa yake fitowa, sinadarin tanin ne, irin wanda ke cikin goro, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohon dillalin goro ya ga ya gatsa sau ɗaya ya ce wannan daushe ne, wancan sabo ne, wancan daga wuri kaza aka kawo shi, ba zai yi musun cewa harshe na iya koyon karatu ba.

Su kuma maganganun da suke rubutawa, wai suna jin ƙamshin masoro ko ɗanyen tattasai ko banila, ba duka ne shaci-faɗi ba. Masu bincike a Ostireliya sun gano a 2008 cewa wani sinadari mai suna rotundone da ke cikin masoro shi ne dai ke cikin inabin Shiraz, kuma wajen mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin ƙamshinsa sam, komai yawansa. Ƙamshin banila daga gangar katakon oak yake zuwa inda ake ajiye giyar watanni. Ka ga kenan mutum biyu za su iya shan abu ɗaya kowa ya faɗi daban kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Batun wuri ma gaskiya ne. Inabin da ya nuna a ƙasa mai zafi sukarinsa ya fi yawa, tsaminsa ya ragu, in yis ya cinye sukarin sai barasar ta yi ƙarfi. Na ƙasa mai sanyi kuwa tsami ke rinjaye. Ga yanayin ƙasa, tsakuwa ce ko laka ko alli, ga gangare da inda rana ke bugawa, ga ruwan saman shekarar, shi ya sa ake rubuta shekara a jikin kwalba don damina ba ta zama ɗaya. A Burgundy kusan iri biyu kawai ake shukawa, Pinot Noir na ja, Chardonnay na fari, amma sun yanka yankin zuwa filaye 1,247 kowanne da sunansa, har UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. Za ka ga gona biyu 'yar siririyar hanya ce ta raba su, amma kwalbar wannan ta ninka ta waccan kuɗi sau goma ko fiye. Nan ne tambayar take, shin bambancin ƙasar ya kai ninki goma, ko sunan ne ya kai?

Don sunan ba daga sama ya faɗo ba, hukuma ce ta rubuta shi. Tun 1716 mai mulkin Tuscany a Italiya ya shata iyakar inda za a kira giya Chianti, a 1756 Fotugal ta yi haka a kwarin Douro. A 1855 kuma, lokacin baje kolin duniya a Paris zamanin Napoleon na uku, aka ce dillalan yankin Bordeaux na Faransa su jera gidajen giyar yankin daki-daki, su kuwa ba wani zaman ɗanɗano suka yi ba, littafin ciniki suka buɗe, wanda ya fi tsada shi ne sama. Gida huɗu suka hau matakin farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Daga ranar zuwa yau babban canjin da aka yi guda ɗaya ne, a 1973 aka ɗaga Mouton-Rothschild ya shiga cikinsu bayan shekaru ana kamun ƙafa. Gonaki sun canza hannu, an faɗaɗa wasu, waɗanda suka yi aikin sun mutu jikokinsu ma sun mutu, jerin yana nan daram. Sai a 1935 Faransa ta kafa tsarin da ya ce ba ka da ikon sa sunan yanki a kwalba sai inabin daga can yake, irin da aka yarda da shi, kuma ba ka wuce adadin da aka ƙayyade wa kowace hekta ba.

Wani abin dariya a gefe: a shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro dangin darɓa mai suna phylloxera ya shigo daga Amurka ya dinga cin saiwar inabi har ya kusa gamawa da gonakin Faransa. Maganin da aka samu shi ne aure, irin yadda ake wa mangwaro, a ɗauko reshen inabin Faransa a ɗaura a kan gindin na Amurka wanda ƙwaron bai iya kashewa. Har gobe kusan duk inabin da Faransa ke taƙama da shi a kan saiwar Amurka yake tsaye.

Yanzu mu zo ranar da aka ɓoye suna. 24 ga Mayu 1976, otal ɗin InterContinental a Paris. Wani Bature ɗan Ingila mai shagon giya a birnin, Steven Spurrier, ya shirya ɗan taro don Amurka na cika shekara 200 da 'yanci, ya gayyato manyan masana tara 'yan Faransa, masu manyan gidajen abinci da masu gonaki da editar mujallar giya. Aka jera fari goma, ja goma, a kowane rukuni shida daga Kalifoniya huɗu daga Faransa, babu wanda ya san me ke cikin kofinsa, kowa zai ba da maki cikin 20. Shi kansa Spurrier kayan Faransa yake sayarwa, bai taɓa kawo wa ransa za a kayar da su ba. 'Yan jarida ma ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, mutum ɗaya ne ya zo, George Taber na mujallar Time, kuma shi yana riƙe da takardar da ke nuna wace kwalba ce wace, don haka yana tsaye yana jin alƙali na yabon ta Kalifoniya a matsayin ta gida, wani kuma yana kushe ta Burgundy yana cewa ai wannan ta Amurka ce ba ta da ƙamshi. Da aka haɗa maki, a fari Chateau Montelena ta 1973 ce ta zo ta ɗaya, a ja kuma Stag's Leap ta 1973, duk daga kwarin Napa na Kalifoniya, ta doke Mouton da Haut-Brion. Editar nan, Odette Kahn, nan take ta ce a dawo mata da takardar makinta.

Amurkawa sun sha ba da labarin nan kamar an ci kofin duniya, amma a yi adalci. Tazarar ja ba ta da yawa, Faransa ce ta ɗauki na biyu da na uku da na huɗu, kuma in ka zuba 'yan takara shida a kan huɗu ka riga ka ƙara wa kanka dama. Makin alƙalan ma ya watse sosai, wadda wani ya sa a sama wani ya jefa ta ƙasa. Faransawa suka ce a bari su tsufa a gani, tasu da shekaru take kyau. Aka sake zama a 2006 bayan shekara 30 da irin kwalaben, Kalifoniya ta kwashe na ɗaya har na biyar. A ganina abin da taron ya tabbatar ba wai Amurka ta fi ba ne, a'a, cewa in an cire takardar jikin kwalba manyan masana ma ba sa iya nuna maka inda ninki goman nan ya shiga.

Bincike ya biyo baya kuma bai yi wa masanan daɗi ba. A 2001 a Jami'ar Bordeaux, Frédéric Brochet da abokan aikinsa suka ɗauki farar giya suka zuba mata jan launi marar ƙamshi, suka ba ɗalibai 54 masu karatun harkar, sai ga su suna siffanta ƙamshinta da kalmomin da ake wa ja. Wani malamin jami'a mai ritaya da ke da 'yar gonar inabi, Robert Hodgson, abin ya dame shi yadda giyarsa ke cin zinare a wannan gasa ta tashi a tutar babu a waccan, sai ya shirya da masu gasar jihar Kalifoniya aka dinga zuba wa alƙalai giya ɗaya daga kwalba ɗaya sau uku a cikin jeri ba su sani ba. Sakamakon da ya wallafa a 2008 ya nuna wajen kashi 10 cikin ɗari ne kawai suke ba ta maki iri ɗaya. A shekarar dai masu bincike a Kalifoniya suka sa mutane a na'urar hoton ƙwaƙwalwa, aka ba su giya ɗaya sau biyu, aka ce musu wannan dala 10 ce waccan dala 90, sashen jin daɗi na ƙwaƙwalwar ya fi motsi a kan mai "tsadar". Wato ba ƙarya suke ba da suka ce ta fi daɗi, kuɗin ne ya shiga cikin ɗanɗanon.

Kada kuma a ce duk bogi ne. A jarrabawar Master Sommelier, babbar shaidar ƙwarewa a harkar giyar inabi, ana ajiye maka kofi shida, cikin minti 25 ka faɗi irin inabin, ƙasar, yankin da kusan shekarar, kuma tun 1969 waɗanda suka haye ba su kai 300 ba a duk duniya. Gane "daga ina" fasaha ce da ake koyo. Yanke hukuncin "wacce ta fi", ko wai wannan maki 94 ce waccan 96 irin ma'aunin ɗari da Robert Parker, wani Ba'amurke mai sharhin giya, ya yayata daga 1978, nan ne harshe ke tangaɗi, kuma a kan wannan ɗan bambancin miliyoyi ke juyawa.

Wanda ya fi kowa gane haka ɗan damfara ne. Rudy Kurniawan, ɗan Indunusiya da ke zaune a Kalifoniya a lokacin, yaro ne mai harshe na gaske, masu kuɗi na rububin zama da shi, a 2006 kaɗai an yi gwanjon kayansa na kusan dala miliyan 35. Asirinsa ya fara tonuwa a 2008 da ya kawo kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot masu shekaru daga 1945 zuwa 1971, mai gidan, Laurent Ponsot, ya hau jirgi takanas ya zo New York ya tsayar da cinikin, don gidansu bai fara yin wannan giyar ba sai 1982. Da jami'an FBI suka shiga gidansa a 2012 sai ga tsofaffin kwalabe jiƙe a wurin wanke-wanke ana ɓare musu takarda, ga dubban takardun jabu, ga hatimai da murafe, ga rubutun yadda zai gauraya masu sauƙin kuɗi su ba da ɗanɗanon tsohuwa. An ɗaure shi shekara 10 a 2014. Shekara da shekaru attajirai na shan haɗin kicin ɗinsa suna lumshe ido, kuma ba harshe ne ya kama shi ba, kwanan wata ne.

Ita giyar hatsi lissafinta daban ne, kuma dalilin mai sauƙi ne. Inabi ɗanye ake matse shi kusa da gona, sau ɗaya a shekara. Sha'ir kuwa ana tsirar da shi a busar a zuba a buhu, furen hops mai ba da ɗaci shi ma a busar, duk a loda a jirgi a kai ko'ina. Abin da ya rage na wuri shi ne ruwa, kuma da can shi ne sarki: ruwan garin Pilsen na ƙasar Czech ba shi da gishirin ƙasa sosai, shi ya ba da garau ɗin giyar da Josef Groll ya fara dafawa a 1842 wadda yau kusan duk manyan kamfanonin duniya kwaikwayonta suke, ruwan Burton a Ingila kuma cike yake da sinadarin salfet mai fito da ɗaci. Da aka gane sirrin sai kowa ya dinga zuba wa ruwansa sinadarin, shi ke nan Burton ta tashi daga gari ta koma awo. Shi ya sa a gasar giyar hatsi ba a tambayar wace gona, salo ake dubawa, an ce baƙa mai kauri za ka yi, to ta cika sharuɗɗan salon ko ba ta cika ba. Wadda ta ƙi barin gida ita ce lambic ta kusa da Brussels a Beljiyam, da ake barin ruwan a buɗaɗɗen faranti ya kwana yis ɗin iska ya faɗa da kansa.

Maganar ƙananan masu dafawa da ake ta yayi kuwa bore ne aka yi wa manyan kamfanoni. Haramcin giya na 1920 zuwa 1933 a Amurka ya kashe ƙananan, manyan suka haɗiye saura, zuwa ƙarshen shekarun 1970 masana'antun ƙasar ba su kai ɗari ba kuma kusan abu ɗaya suke fitarwa. A 1978 Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafawa a gida, masu yi a gareji suka fara buɗe kamfani, irin su Sierra Nevada a 1980 da ta cika hops mai ƙamshin lemo. Bayan shekara arba'in an haura 9,000. Sai manyan suka dawo ta bayan gida da jakar kuɗi, katafaren kamfanin AB InBev ya saye ƙaramin kamfanin Goose Island a 2011, Heineken ta saye wani ƙaramin, Lagunitas, takarda na nan yadda take, mai shi ne ya canza. Har ƙungiyar ƙananan ta kafa sharaɗi, kada ka wuce ganga miliyan 6 a shekara kuma kada babban kamfanin barasa ya mallaki kashi 25 naka. Nan ma dai rigimar ta koma kan wa ke da ikon amfani da suna.

Mu nan yankin ba baƙin abin ba ne ko da ba ma sha. Burkutu a Filato da Binuwai da kudancin Kaduna, pito a arewacin Ghana, bilbil a arewacin Kamaru, duk dawa ce, mata ke jiƙa ta su tsirar su niƙa su dafa a manyan tukwane, a sha a ƙwarya cikin kwana ɗaya ko biyu kafin ta lalace, kuma ta kowace mai dafawa da ɗanɗanonta, sai dai babu takarda babu alƙali. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin Najeriya suka koma kan dawa da masara, don haka wani kaso na dawar da ake nomawa a Arewa can take ƙarewa, wani a lemon malt wani a giya. Acca ma yanzu wani kamfani a New York, Brooklyn Brewery, ya yi giya da ita.

Amma darasin da ya fi shafar aljihunmu dokar sunan wuri ce, don ta daɗe da fita daga kwalba. Ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha da suna ta ƙasashen Afirka masu yawanci Faransanci ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru rajista a 2013, kuma farashin masoron ya ninka a hannun manoma. Nijar ta bi sahu da kilishinta da albasar Galmi. Najeriya ba ta cikin ƙungiyar. Sai dai rajista kaɗai ba ta tsare suna, sai da mai gadi. Mutanen Shampen (Champagne), yankin Faransa mai giyar kumfa, suna da kwamiti tun 1941 da lauyoyi a ƙasashe, sun kai Yves Saint Laurent kotu a 1993 suka hana shi kiran turarensa Champagne, akwai ma wani ƙauye a Suwizalan da sunansa na asali Champagne an hana shi rubuta sunan garinsa a kwalbar giyarsa. A 2023 jami'an kwastan na Beljiyam suka tare gwangwani 2,352 na giyar Miller High Life a tashar Antwerp, laifinta kawai an rubuta a jiki cewa ita ce shampen ɗin giyoyi, kwamitin ya nemi a lalata su, aka zubar da ruwan aka murƙushe gwangwanayen. A kasuwannin Accra da Abidjan kuwa kowace jar albasa mai sayarwa na iya ce maka 'yar Galmi ce, babu mai tambayarsa takarda.